Zagayen da Ya Ƙi Rufewa

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki, da ɗaliban da kike koya wa awon ƙasa. Mu nan ƙalau, sai mamanki da ke ta faɗa wai na mayar da falonta ofis.

Ga labari. Hukumar masu safiyo, wato mu masu awon ƙasa, ta ce duk wanda ba shi da takardar kwaleji sai ya zauna jarrabawar lissafin awo, in ba haka ba a karɓe masa lasisi da hatimi. Ni za a gwada! Ni da na bar sakandare na kama bakin tef ɗin awo cikin rana, har na kafa ofis da allo mai sunana. Rabin layukan garin nan ni na kafa turakunsu, kuma ba a taɓa kai iyakar da na ja gaban alƙali ba. To su zo. Ba a koya wa kifi iyo.

Kada ki aiko min da komai. Littafin jadawalina na lissafi da fensirina sun ishe ni.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, tare da Mama. Na san ba mai ja da kai a aikin fili, amma don Allah ka saurare ni. Ba za su bar ka ka shiga da littafin jadawalinka ba. Kalkuleta za su ba kowa, kai kuwa ko ta shagon ƙasan ofishinka ba ka yarda da ita, sai ka sake lissafin a bayan kwali. Ka zo ranar hutu in nuna maka maɓallanta, abin ba wuya. In zuwan ne matsala, ni in zo.

'Yarka mai biyayya.

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga wasiƙarki tun tuni, aiki ne ya hana ni amsawa.

An yi jarrabawa. A fili na ba su mamaki, na kafa na'ura ta zauna daram kafin sauran su gama buɗe ƙafafun tasu. Shugaban masu gwajin har kai ya gyaɗa.

Sai aka shiga aji. Benci irin na 'yan makaranta, gwiwata na dukan ƙasan tebur, fanka na ƙara kamar za ta faɗo. Aka ba mu fili a takarda, da tsawon kowane gefe da kusurwoyinsa, aka ce mu zagaye shi da lissafi. Kin dai sani, in ka zagaya daidai dole lissafi ya dawo da kai kan turken da ka tashi. Nawa ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na sake, ya ajiye ni cikin gonar maƙwabci. Na san akwai abin da ƙarfen nan nasu, kalkuleta, ke min, jikina ya ba ni. Mai tsaronmu wata budurwa ce da ba ta kai ki ba, ta tsaya kusa da ni ta ce, “Baba, akwai matsala ne?” Na ce, “Matsalar me? Fankarku dai ta cika surutu.” Ta yi murmushi ta wuce.

Sun ce na faɗi a lissafi. Ko in sake zama a zagaye na gaba, ko in miƙa hatimi. Na kwafo miki lambobin a bayan takardar nan don ki gani da idonki, tambayar ce ba daidai ba.

An ce shugaban nan malaminki ne a kwaleji. Ban taɓa roƙon kowa ba, yanzu ma ba roƙo nake ba. Ki dai gaya masa ko ni wane ne.

Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yafe min, ba zan yi masa magana ba. Hatimin da aka bar maka don jin nauyina, kai da kanka ba za ka iya buga shi ba.

Na bi lambobinka ɗaya bayan ɗaya. Tambayar daidai take, hanyarka ma daidai take, ko layi ɗaya ba ka kauce ba. Inda aka ce digiri arba'in da minti talatin, ka danna arba'in, ɗigo, talatin, yadda ido ke gani. Kai ka san minti sittin ke cika digiri, talatin rabi ne. Ita kuwa kalkuleta da ɗari take ƙirga, sai ta ɗauke shi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Haka ta yi ta gutsure maka kowace kusurwa. Akwai ɗan maɓalli a gefe da ke gyara wannan. Da ka tambayi yarinyar nan, dokarsu ta yarda ta nuna maka.

Na yi kuka da na gano, Baba. Ba don ka faɗi ba, don na hango ka a bencin nan kai kaɗai, kana sake lissafin da ka fi kowa sani.

Mama ta ce ka daina zuwa ofis, ka ce wa masu fili idonka ke ciwo, kana zaune a baranda kana feƙe fensir. Wasiƙa biyu na rubuto ba amsa. Rajistar zagaye na gaba ta kusa rufewa. Kai ne ka ɗora ni kan akwatin na'ura ina ƙarama don idona ya kai madubi. Ka bar ni in rama ko kaɗan.

'Yarka da ke jiran amsarka.

Uwata,

Na gaishe ki. Mamanki ta cika kai rahoto.

Na yi rajista. Na kuma sayi ƙarfen, irin nasu sak. Maɓallin gefen na gan shi, na danna, ya fito min da wasu 'yan alamomi da ban san kansu ba.

Ina tafe ranar Asabar. Ki ce wa maigidanki ziyara ce kawai, kuma ya nemi inda za shi da rana. Ɗalibi ne zai zo miki, ki koya masa yadda kike koya wa kowa. Amma in kika ɗaga min murya, ubanki zai dawo.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.