Jan Biron Inna

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiya, da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima, ina rubuto miki ne daga unguwar Limawa a nan Dutse. Mahaifina Baffa ya zo ganin likitan ido ya sauka wurina, ya faɗa mini wata magana da ta hana ni sukuni.

Kin san ni ce 'yar fari, kuma ke Bafulatana ce ta gaske. Ba kya kiran sunana, ba kya yabona, ko kallona ba kya yi a gaban mutane. Sai Allah Ya haɗa mu aji ɗaya a firamaren Kiyawa, ke malama, ni ɗaliba. Kai, na sha "ke waccan ta bakin taga" har na ƙoshi!

Amma akwai littafin nan mai bangon shuɗi da kika sa kowa ya saya. Kafin a tashi, kowa ya rubuta abu ɗaya da ya gani da idonsa ranar. Ba ki taɓa ba da maki a ciki ba, ba ki taɓa zagaye kuskure ba. Tambaya ɗaya kawai kike sakawa a ƙasa da jan biro, ki bar mutum da ita kamar ƙaya a ƙafa.

Na tuna ranar da na rubuta cewa nonon jar saniyar Baffa ya ragu saboda an yi mata baki. Ina ta jin kaina, wai na gano babban abu. Washegari na buɗe, sai ga jan bironki: "Ta yaya kika sani?" Wallahi na ji haushi. Duk unguwa haka ake cewa, ni za a tambaya?

Haushin ne ya sa na fara bin saniyar nan da ido. Inda ta yi kiwo, ruwan da ta sha, yadda kashinta ya fita, ko madarar ta kai bakin ƙwarya. Ina rubutawa kina tambaya, ina amsawa kina ƙara wata. Kafin damina ta ƙare na gani da kaina: duk lokacin da aka shayar da shanunmu a kududdufin bakin titi sai zawo ya biyo, nono ya ja baya. A nan na koyi bambancin "an ce" da "na gani". Abin da nake koya wa ɗalibaina na kimiyya ke nan yau, ban ƙara komai a kai ba.

Da muka kusa gama aji shida, Baffa ya ce karatuna ya isa haka, in zauna in kama miki aikin gida da na nono. Ba mugunta ba ce, bai ga abin da boko zai ƙara mini ba ne. Na zuba miki ido ki ce wani abu. Ina! Wace uwa ce za ta buɗe baki ta roƙar wa 'yar fari alfarma? Kika ci gaba da burga nononki. Na yi kuka a bayan rumbu, na ce ba ki damu da ni ba.

A makon ne kika ba ajinmu wani sabon aiki: kowa ya je ya karanta wa mahaifinsa littafinsa, tun daga shafin farko. Bayan la'asar na durƙusa gefen tabarmar Baffa ina karatu. Da na zo kan kududdufi ya ajiye carbinsa. Ya ce shi sai da ya yi gemu kafin ya gane wannan, wa ya gaya mini? Na ce gani na yi na rubuta. Ya daɗe yana kallon garke, sannan ya ce a nemo mini akwatin makaranta.

Duk shekarun nan ina cewa sa'a ce ta faɗo mini. Sai jiya Baffa, ido ɗaya a naɗe da bandeji, ya yi dariya ya ce: "Wace sa'a? Tun da uwarki take koyarwa, ba ta taɓa ba da wannan aikin ba sai shekarar, ba ta kuma sake ba. Aji guda ta tayar don ta faɗa mini magana ɗaya."

Inna, ashe haka kika yi? Kin riƙe kunyarki ba ta zube ba, kin kuma kai ni inda kike so. Ban taɓa ganin mace mai dabara irinki ba, kuma ina kewarki ƙwarai.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa kowane yaro da ya koyi duba abu da idonsa ta dalilinki ya zame miki sadaka mai gudana. Amin.

Taki har kullum,
'Yarki ta fari.