Fuskar Baba ta ƙi dawowa

Yaya Keziah,

Wa ya gaya muku ni na ɓata bidiyon Baba na ƙarshe? Ina gaisuwa dai. Ya ƙafar Mama, ya mutanen Mayo Gwoi? Ni lafiya lau nake a Legas. A shagon da nake tace bidiyo nake kwana, amma ba komai.

Elvis ɗan Kawu ne ya ɗauki rawar Baba a coci da tsarin da ake kira log. Hoton yakan fito a koɗe kamar tsohon zane, sai an faɗa wa kwamfuta irin kyamarar kafin launi ya dawo daidai. Na tambaye shi, wai ta haya ce, ya manta. Ya turo bidiyon ta WhatsApp mai rage ingancin hoto, ya kuma goge na asali da ke katin kyamarar! Duk saitin da na koya wa kaina na gwada, fuskar Baba koriya take fitowa. Ga shi ba zai tashi daga kabari ya sake rawa a coci ba.

Ki ba Mama haƙuri, kada ta jira bidiyon. Allah ya tsare ku. Amma ranar Lahadi Elvis ya tsaya gaban dangi ya amsa: wace kyamara ce, kuma wa ya aike shi ya goge katin?

Ƙaninki,
Nathaniel