Karan Shan Omoding

Jinja, 3 ga Mayu

Akurut matar ƙanena,

Bayan gaisuwa, ya yara? Ba zan yi miki kwana-kwana ba. An ce cikin Omoding ya kumbura kamar tulu, idonsa ya yi rawaya. Su bakwai ne suke zagaye tukunyar giyar gero ɗaya kullum, kowa da dogon karansa na zuƙa. Da a tukunya abin yake, da duka ya kwantar da su. To saura kara, kuma nasa a ɗakinki yake kwana. An kuma gan ki da shi a bayan rumbu. Ruwa ba ya tsami banza. Me kika zuba masa?

Yayarsa,
Asekenye

Kumi, 11 ga Mayu

Yaya Asekenye,

Ina gaishe ki da girmamawa, yara suna gaisuwa. Wanda ya gan ni bai yi ƙarya ba. Ƙona karan na je yi, shi ne na uku, gari na wayewa ya yanko wani. Likita ya ce hantarsa ce ta gaji, shekara ashirin ana jiƙa ta. Su bakwai ɗin ma wa ya ce miki lafiyarsu ƙalau? Ɗaya daga cikinsu, Opolot, ƙafarsa ta kumbura har takalmi ba ya shigarsa. Maganarki ta yi mini zafi, Yaya, ni da nake wanke masa amai.

Ƙanwarki,
Akurut

Jinja, 19 ga Mayu

Akurut,

Na gaishe ki. Likitan nan ke kaɗai kika ji shi, ke kika kai Omoding wurinsa, ke kika fassara. Kakanmu ya sha har ya kai tasa'in da haƙoransa. Na yi magana da dattawan dangi. Ran Asabar za a dasa tukunya, ki zuƙa da karansa a gaban kowa. In kin tashi lafiya, shi ma ya karɓa ya sha, a san babu komai tsakaninku. In kin ƙi, ki tattara ki bar mana yaranmu.

Asekenye

Kumi, 22 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Zan sha, ko tukunyar duka ce. Amma don Allah a tsaya a kaina. Likita ya ce ko kurɓi ɗaya kada ya ƙara. Kwana goma ke nan bai taɓa ba, jiya har ya ci tuwo ya nemi ƙari. Kin san shi, in dattawa suka miƙa masa ba zai iya mayarwa ba. Ina jin tsoro.

Akurut

Kumi, 31 ga Mayu

Yaya,

Da fatan kin isa gida lafiya. Ni lafiyata ƙalau, kamar yadda kika gani, dattawa sun wanke ni. Shi kuwa tun ranar bai bar gindin tukunya ba, ya ce ai dangi ne suka ba shi da hannunsu. Jiya ya yi aman jini. Muna asibiti. Likita ya ce a kira 'yan'uwa, ki zo ki ji shi da kunnenki.

Ki huta lafiya,
Akurut