Ruwan Goro

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya gajiyar kallon sama? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

Ofishinku na hasashen yanayi ya aiko mana da takarda nan ofishin kwana-kwana, wai mu cike mu faɗi ra'ayinmu kan sabon saƙon gargaɗi. Gurbin da aka bar mana bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ni kuwa bakina cike yake, shi ya sa na ga gara in rubuto miki in ba direban bas ɗin safe.

Ranar Talata da hantsi saƙonku ya shigo wayoyi, rediyo ma ta karanta: "Gargaɗin ruwan goro daga ƙarfe biyu zuwa shida. Ana sa ran iska mai ƙarfi." Ni ne babba a wurin aiki ranar. Na sa aka sauke injin yanka itace daga mota aka ɗora injin zuƙe ruwa, tunda wurin ba ya cin biyu. Ƙarfe uku iska ta zo kamar za ta tashi gari, amma ruwa ko ɗigo. Itace ya faɗo ya tare hanyar asibiti, muka isa wurin da injin zuƙe ruwa muna kallon juna, motar asibiti tana bayanmu da mace mai naƙuda. Sai da muka koma muka ɗauko injin yanka. Allah ya rufa asiri, matar ta sauka lafiya, amma kunyar ranar har yanzu ba ta sake ni ba.

Babbar maganar ita ce Mama. Kin san gidanta a bakin lambatu yake. Da ta ji "ruwa" ta nemo mai amalanke, aka kwashe keken ɗinkinta da ɗinkunan mutane aka kawo benena, tana haki. Ta wuni tana leƙen taga. Da yamma ta koma gida busasshe, maƙwabta suna mata barka da ambaliya. Ta rantse ko sama za ta tsage ba ta ƙara motsa keken nan saboda maganar ofishinku.

To ni tambayata ɗaya ce, don Allah ki fitar da ni daga duhu: wane irin ruwa ne ruwan goro, kuma ina ya tsaya a hanya?

Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka, na gode. A gaida matarka da yara, a gaida Mama in za ta amsa, don ni sau huɗu ina kira ba ta ɗauka ba.

Yaya, ruwan goro launi ne. Matakan gargaɗi huɗu ne: kore, ruwan ɗorawa, ruwan goro, ja. Launi yana nuna tsananin abin, ko iska ce, ko zafi, ko tsawa, ko ruwan sama, domin kada a riƙa ƙirƙiro wa kowace masifa sabon ma'auni. Mun aiko muku da allo mai bayanin haka tun watan jiya. Ina kyautata zaton yana bayan kabad ɗinku.

Da farko raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba, domin ni ce na zaɓi kalmomin nan da hannuna. Mako biyu ina kai da kawowa tsakanin ruwan goro da ruwan lemo, ban taɓa lura cewa dukansu da ruwa suka fara ba. Mu a ofis launin muke gani a jikin allo kafin mu karanta sunansa. Ashe a kunne babu launi.

Yanzu abin mamaki yake ba ni fiye da haushi. Saƙon ya ce iska ƙarara, yaya aka yi babu wanda ya ji ta? Ina roƙon alfarma. Ka zaga ka tambayi mutane, kada ka gyara musu, kada ka yi musu dariya. Ka ce kawai, "Ranar Talata me ka ji an ce?" Ka rubuto mini amsarsu yadda ta fito daga baki. Har Mama.

Akwai dalilin gaggawa. Alamun da muke gani sun nuna ruwa mai nauyi na iya sauka wajenku cikin makon gobe, kuma shugabana ya ce ba a sauya kalmomin gargaɗi a tsakiyar damina, mutane za su rikice. In ruwan ya zo Mama tana kan rantsuwarta, ban san inda zan sa kaina ba. Tsoro nake ji, Yaya.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa irin ta jiya. Allon nan naku na nemo shi, ba a bayan kabad yake ba, a ƙarƙashin butar shayi yake. Kin ci wannan.

Na yi aikin da kika sa ni, kuma wallahi ya yi mini daɗi, matambayi ba ya ɓata. Mai wankin ƙofar ofishinmu ya ce shi daga "ruwan" bai ƙara jin komai ba, ya ruga kwashe shanya. Mai faci ya ce ai shi ya gane sarai, ruwa ne mai ƙanƙara manya-manya kamar goro, har kwali ya ɗora wa gilashin motar wani. Wata malamar makaranta ta san launi ne, amma ta ce, "To sai me? In tashi yara ko in bar su?" Direban motar asibiti kuwa ya tono wata. Ya nuna mini wani saƙonku na baya da ya ce "hadari a gabashin gari". Wayarsa ba ta nuna lanƙwasar harafi, bai san ko hadarin sama ba ne ko haɗarin mota, har ya kunna mota ya fita nema. Ki duba wannan ma.

Ni kaina na tambayi kaina. Na karanta "iska", amma na ɗauka iskar da ke rako ruwa ce.

Mama na same ta tana kafa hannun riga. Na ce Auta ta ce in tambaye ki me kika ji. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shekara arba'in ina ɗinki, ni za a koya wa ruwan goro? A jikin yadi na san shi. Amma in mutanen da aikinsu ruwa ne suka buɗe baki suka ce ruwa, me kake so in ji, zare?"

Na ce to ai ma'auni ne na tsanani. Sai ta ajiye almakashi. Ta ce, "Ka tambaye ta, tana rarrafe in ta nufi dutsen guga me nake ce mata? Cewa nake ja, ko ruwan ɗorawa? Wuta nake cewa, ɗauke hannu! Abin da zai ci ka, sai abin da za ka yi. Shi ya sa har yau yatsunta goma ne."

Na so in yi dariya, na ga idonta ya kawo ruwa, na gaske. Auta, ba dariyar maƙwabta ce ta dame ta ba. Kowa a layin ya san 'yarta ce mai rubuta saƙon, ita kuma ta bugi ƙirji ta ce 'yarta ba ta ƙarya. Batun tashi kuwa, na gwada ta ko'ina, tana nan kan bakanta.

Sai na ji daga gare ki.
Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Salam, ina sauri, direba yana jirana a bakin titi.

Na karanta wasiƙarka sau uku, maganar Mama ta hana ni cin abincin rana. Na so in kai wa shugabana takarda mai hujjoji, sai na fasa, na yi irin naka. Na tare shi a baranda yana shan shayi, na ce, "Ranka ya daɗe, an ce akwai ruwan goro yau." Kafin in rufe baki ya ɗaga kai ya dubi sama. Shi da ya sa hannu a kan tsarin da kansa! Ya ajiye kofin ya ce, "Kawo abin da kika rubuta."

Ga yadda muka tsayar. Saƙon jama'a zai fara da sunan abin, sai wuri da lokaci, sai abin da za a yi. Launi ya koma kan allo inda ido ke ganinsa. Ku da 'yan asibiti za ku samu naku daban, mai lambar mataki da kayan da za ku ɗora a mota. Kalmar hadari kuma na cire ta gaba ɗaya.

Yanzu ka saurara. Ranar Alhamis ne, mataki na huɗu, kuma abu biyu ne a tare. Saƙon da zai fita gobe shi ne: "Ruwan sama mai yawa da iska, Alhamis daga azahar. Na bakin lambatu ku bar gida kafin hantsi. Kada a tsaya ƙarƙashin itace." Ka nemi mota ta biyu tun yau, domin injin zuƙa da na yanka duk za ka buƙata.

Zan iya yin kuskure, sama ba ta sa mana hannu a takarda ba. Amma na fi son a sake yi wa Mama dariya. Akwai 'yar takarda a cikin ambulan, ka karanta mata yadda take, kada ka ƙara ko kalma. Abin da na rubuta shi ne: "Mama, ruwa. Ɗauke keke."

Taka,
Auta

*

Auta,

Yayanki ne ke rubutawa, ni ke faɗa, na kuma hana shi ƙari.

Ina gaishe ki. Na ji saƙonki, na ɗauke. Ni da maƙwabta gida shida, har da masu yi mini barka. Azumi uku na rantsuwa kuma na fara yau.

Da safe na je na ga ɗakin. Ruwa ya bar zane a bango, na sa tef ɗina na auna, ya wuce inda kan keke yake da taƙi ɗaya. Katifa ta tafi, ni da keke muna nan.

Tunda ku masu son launi ne, na tsaya na duba shi da kyau domin ki rubuta a allonku. Ba ruwan goro ba ne. Ruwan ƙasa ne.

Ki kira ni, zan ɗauka. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki