Sau Biyu Aka Tambaye Ni, Ina Jiran na Uku

Gwaggo Riskuwa,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na gaji da shawara da kaina, kullum wuri ɗaya nake komawa. Matata ce ke tara mini jaridarku tana aiko mini a ɗaure, ta nan na san filinki. Na san rigimar gida aka fi kawo miki. Tawa ta wurin aiki ce, amma ta hana ni jin daɗin abinci kamar ta gida.

Ni likita ne, mutumin garin Gulma. Shekara biyu bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato aka turo ni Ingila in koyo tiyatar ƙashi. Yanzu shekarata huɗu a nan. Iyalina suna Birnin Kebbi, autata ma sau ɗaya na taɓa ɗaukarta. Duk jarrabawa na ci. Sharaɗi guda ya rage a ba ni takardar ƙwarewa in tattara in komo gida: sai an buga wani bincike a mujallar likitoci, da sunana cikin marubuta.

Sashen da nake, aikinsu sauya gwiwa ne. A cire wadda ta cinye, a sa ta ƙarfe da roba. Bayan aiki, abu uku suke tambayar mutum: kana iya tafiya, kana iya hawa bene, kana iya tashi daga kujera? In ya ce e, sun rubuta nasara. To, akwai tsofaffin Musulmi da yawa a garin nan, sai na lura suna zuwa da ciwo kamar ya kashe su, amma da an ambaci tiyata sai su ɓace. Turawan suka ce tsoron wuƙa ne. Ni na san ba shi ba ne, domin ina da baffa a Gulma, Baffa Kalilu, wanda ya yi shekara arba'in duƙe cikin fadamar shinkafa. Yau a kan kifaffen turmi yake salla. Ya sha faɗa mini ciwon bai dame shi ba kamar yadda goshinsa ya daina taɓa ƙasa. Tsofaffin nan sujada suke tambaya da zaman tahiya, kuma babu wanda ya taɓa auna musu.

Ni na kai maganar wurin Farfesa, shugaban sashenmu. Ya ce kafin a san ko gwiwar ƙarfe za ta iya, sai an san iyakar lanƙwasar da salla ke buƙata ga masu lafiya. Na ce a bar mini wannan. Hutuna na wata biyu, wanda ya kamata in yi shi da ɗiyana, na ƙarar da shi a bayan babur. Wani mai suna Malami, mai gashin ƙashi a asibitinmu na Birnin Kebbi, shi ke tuƙa ni, daga Ambursa zuwa Argungu zuwa Gulma, muna tare mutane bayan La'asar muna roƙo su bari a ɗora musu ma'auni a gwiwa. Wani masunci a Argungu sai da ya sa na rantse ba haraji za a sa wa ƙafa ba. Mata kuwa Sista Ɗayyaba, ma'aikaciyar jinya, ita ce ta shiga gida gida ta auna su. Mutum ɗari uku da sha ɗaya. Littafi huɗu na cika da hannuna. Da na dawo, na bi marasa lafiyar nan sittin da aka yi wa aiki, wata goma sha takwas ina auna su.

Ga inda na cuci kaina, kuma ba zan ɓoye miki ba. Da aka zo rubutawa, Farfesa ya tare ni a ɗakin shan shayi ya tambaye ni inda nake so a sa sunana. Gwaggo, me kike tsammani ɗan Gulma zai ce wa mai furfura, malaminsa, a gaban mutane? Na sunkuyar da kai na ce aikinsu ne, ni ɗalibi ne, kada a damu da ni. Bayan mako guda wani matashin likita, wanda aka ba aikin tsara rubutun, ya sake tambayata a bakin ƙofar tiyata. Na maimaita masa. A raina ina jiran na uku, inda za a ce mini in bar wannan magana, a kama hannuna a sa ni inda ya dace. A wurinmu in ka kawo wa baƙo tuwo ya ce alhamdu lillahi, wa ke ɗauke kwano? Tura shi ake yi gabansa har ya sa hannu. Nan kuwa ɗaukewa suka yi, suka ce mini na gode.

Makon jiya aka raba daftarin. Suna shida a sama. Matashin nan ne na farko, Farfesa na ƙarshe. A tsakiya akwai mai lissafin alƙaluma, wannan ya yi aiki, ban ja ba. Akwai shugaban sashen hoton ƙashi, wanda ban taɓa ganin ya taɓa gwiwar mara lafiya ba. Akwai wasu biyu da iyakar gudummawarsu gyaɗa kai a taro. Ni ina can ƙasan shafi na tara, cikin layin godiya, ni da matar da ta buga tafireta. An gode mini saboda "taimakawa wajen tattara bayanai". Taimakawa. Wa na taimaka wa a Ambursa?

Don haushi na shiga laburare na kwaso mujallun shekara ashirin ina duba sunaye. A da, mutum biyu ko uku ke rubuta maƙala a kan gwiwa. Yanzu shida, bakwai, kamar jerin masu karɓar gaisuwa. Kusan duk daga Amurka da Turai. A iya abin da na buɗe ban ci karo da suna ɗaya daga yankinmu ba. Wuri ya ishi kowa ke nan, har wanda bai yi komai ba, ni kaɗai ne bai isa ba.

Amma in faɗi gaskiya, Farfesa ba mugu ba ne. Shi ya koya mini riƙe zarto, shi ya tsaya mini lokacin da aka so mayar da ni baya. Matashin ma ya sha wahalar rubutu, Turancinsa ya fi nawa santsi, kuma ya tambaye ni. Sun tambaya, na amsa. Wannan ne ke ci na.

Bayan Babbar Salla za a aika wa mujallar, saura wata biyu. In na yi shiru, sai in fara wani binciken, shekara biyu ke nan ƙari a ƙasar da rana ke leƙowa kamar mai jin kunya. In na koma na ce a sa ni, na zama mai magana biyu, mai roƙon abin da ya ce ba ya so, kuma wanda zan roƙa shi ne zai sa hannu a takardata. Wani lokaci har nakan ji kamar in rubuta wa mujallar kai tsaye in tona komai, kowa ya rasa. Matata ban gaya mata ba, tana can tana ƙirga watanni.

Mi zan yi, Gwaggo?

Naki,
Ɗan Gulma a ƙasar sanyi

*

Ɗana Likita,

Wa'alaikumus salam. Na tsallake wasiƙu da dama na sa taka gaba saboda lokacinka gajere ne, kuma na sa an aika maka kwafin amsar nan tun kafin a buga ta.

Bari in fara da kai. Kara halin kirki ne, kuma iyayenka sun yi tarbiyya. Amma kara tana aiki ne tsakanin mutum biyu da suka san ta. Shekara huɗu kana cikin mutanen nan, ka koyi zartonsu, ba ka koyi cewa a'arsu a'a ce ba? Ka ba su amsar Gulma, suka ji ta da kunnen Ingila. Wannan naka ne, ka riƙe.

Farfesanka ma ba zan wanke shi ba. Suna a kan aiki ba tuwo ba ne da za a ce mutum ya ƙoshi. Shaida ce ta wanda ya yi, kuma shugaban da ya ga littattafan nan huɗu ya san wanda ya yi. Ya kamata amsarka ta ba shi mamaki har ya zaunar da kai. Ya karɓe ta da sauri saboda ta sauƙaƙa masa. Wannan sakaci ne, amma daga yadda ka siffanta shi ban ga ƙeta ba, kuma mai sakaci ana iya tuna masa.

Maganar rubuta wa mujalla ka ajiye ta. Mutumin da ba ka ba dama ya gyara ba, ba ka da hurumin kai ƙararsa.

Ga abin da za ka yi. Cikin makon nan ka nemi ganinsa a ofis, ku biyu, ba a ɗakin shayi ba. Ka tafi da littattafanka ka ajiye a kan tebur. Ka gaya masa a fili cewa amsar da ka ba shi ta ladabin garinku ce, ba ita ce a zuciyarka ba, kuskuren fahimtar daga gare ka ya faro, kuma kana so a sa sunanka cikin marubuta a matsayin da aikinka ya kai. Ka faɗi matsayin da bakinka. In na farko kake ganin ka cancanta, ka ce na farko, ka kawo dalili. In ya ce matashin ya riga ya yi rubutun, na biyu ba abin kunya ba ne, kuma zai cika maka sharaɗin komowa gida. Kada ka nemi a cire kowa. Masu gyaɗa kai da shugaban sashen hoto ba su ne suka kawo ka Ingila ba, in ka taɓo su maganar za ta tashi daga hakkinka ta koma rigima. Bayan kun rabu ka rubuta masa gajeriyar wasiƙar godiya mai ɗauke da abin da kuka tsayar, ka riƙe kwafi. In ya ƙi, wanda ba na zato, kowace makaranta tana da wanda ke sauraron irin wannan koke, sai ka je can da littattafanka da kwafin wasiƙar.

Ka ce kana tsoron zama mai magana biyu. Mai magana biyu shi ne wanda ya ce ba komai da baki, ya shekara yana ƙullace da mutane a zuciya. Abin da kake yi yanzu ke nan. Zuwa ka faɗi gaskiya shi ne zai mayar da maganarka ɗaya.

Sai abu guda da na nema a wasiƙarka ban gani ba. Ka ƙirga suna shida a sama, ka ga naka a ƙasa tare da mai tafireta. Ina na Malami? Ina na Sista Ɗayyaba, wadda ba don ita ba da rabin awonka babu? Ban san dokar mujallunku ba, kai ka sani, ko cikin marubuta suka dace ko cikin godiya. Amma Farfesa bai san da su ba sai ta bakinka, don haka a wurinsu kai ne farfesan. Ka shigar da maganarsu a zaman nan guda. Kuma kada ka aika kana tambayarsu ko suna so, ka fi kowa sanin abin da za su ce maka.

Matarka ka gaya mata, amma bayan ka fito daga ofishin, don ta ji matsalar tare da maganinta.

Allah ya daidaita tsakaninka da malaminka, ya ba baffanka sauƙi, ya maido mana da kai lafiya. Akwai gwiwoyi da yawa a bakin gulbin Rima da ke jiran hannunka.

Gwaggonka,
Riskuwa