Tawada a Yatsan Babanku

Zuwa ga ɗana Garba a Ikko,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya baƙunci? Mu nan Wudil sai godiya.

Bayan haka, ran Juma'a yayanka Sale ɗan kwangila ya yi wa babanku walimar cika shekara tamanin. Na ce, "Sale, wa ya ƙirga maka? Ni da nake wansa ban kai tamanin ba." Ya ce, "Baffa, kai dai ci shinkafa." Ban ci ba.

Jama'a kam sun zo har daga Dagumawa, duk waɗanda babanku ya koya wa kamun kifi, wasu suna hawaye. Wannan ya cancanta. Amma wani baƙo mai baƙin tabarau ko gaishe shi bai yi ba, sai tambayar iyakar gonarmu ta bakin kogi. Da aka watse na ga tawada a babban yatsan babanku, wai takardar godiya Sale ya sa ya dangwala. Ni ban taɓa jin ana dangwala wa godiya hannu ba.

Ka zo kafin girbi ka karanta mana takardar nan. A sa mu a addu'a. Ka gai da Hadiza da yara.

Baffanka,
Idi