Layi Biyu da Ban Yanke Ba

Litinin

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da aiki. Mu ma a nan sansanin aikin hanya lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat, da waya da ba ta kamawa sai mutum ya hau tudu. Shi ya sa na ba direban da ke kawo mana siminti wannan takarda.

Matar makanike, maƙwabciyar Inna, ta aiko min cewa sun kashe maciji a gindin katanga, kuma ciyawar filin marigayi Baba ta kai ƙirjin mutum. Ina roƙon ki shiga da ƙaramar taraktarki ki yanke gaban gida da gefen katangar. Amma bayan gidan, daga ƙofar kicin zuwa bishiyoyin lemo, don Allah kada ki taɓa sai kin zauna da Inna kun yi magana. Ba zan iya faɗin abin da ya fi haka ba.

A gaishe da kowa. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta


Alhamis

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, tunda ka tambaya. Yara sun girma, in ka manta, ɗaya har ta fara koyarwa.

Takardarka ta iso. Na karanta ta sau biyu, na farko don in gane, na biyu don in tabbatar da gaske ni ake aikowa da umarni. Wato matar makanike da ke ganina duk Lahadi a gidan Inna ba ta iya buɗe baki ta gaya min ba, sai ta tsallake ni ta aika wa ɗa namiji da ke nisan kwana biyu a mota daga nan. Kai kuma ka zauna a ƙarƙashin rumfar kwano kana zana min inda zan yanka da inda zan bari.

Shekara ashirin da biyu na yi ina koyar da 'ya'yan mutane, na bari, na sayi wannan tarakta da injin yankan da take ja a baya. Kuka ce na haukace. Yau shekara shida ina yanke filayen makarantu da harabar ma'aikatu da gonakin da masu su suka gudu suka bari, ban taɓa fasa wa wani ko tukunyar fulawa ba. Ka san dalili? Ba na tayar da inji sai na taka fili da ƙafata, da sanda a hannu, na kafa tsumma ja a kan kowane kututture da dutse da rami. Zagayen farko wuƙaƙe a sama, a giya ta ɗaya. Daga tsakiya nake farawa in yi waje, don abin da ke cikin ciyawar ya samu hanyar gudu. Wannan aikina ne, kamar yadda kwalta take naka, ban kuma taɓa aiko maka da yadda ake dafa ta ba.

Wane zama zan yi da Inna a kan ciyawa? Tun farkon damina nake cewa ta bari in yanke, tana ce min gobe. Yanzu ga maciji. Kana tsammani idan na yanke gaba na bar baya, macijin zai karanta takardarka ya san iyakarsa?

Ranar Asabar da hantsi, raɓa na bushewa, zan shiga. Duka zan yanke.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare.

Yayarka


Asabar, da yamma

Auta,

Sallama. Na ga kiranka tara jiya, ban ɗauka ba. Na san tudu ka hau. Ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ban taka filin ba. Ni da na cika maka takarda da yadda ake aiki, na sauke tarakta, na dubi ciyawar, na ce filin da na yi rarrafe a cikinsa me zai ɓoye min. Raina kuma a ɓace yake da kai. Ko shiga gaida Inna ban yi ba, don kada ta sake ce min gobe. Na gama gaba, na zagaya baya, na yi ta yankowa daga wajen lemon zuwa gida.

Saura kaɗan in gama sai injin ya yi wata ƙara, ya shaƙe, ya mutu. Na sauka na durƙusa na leƙa ƙarƙashinsa. Igiya ce, irin ta shanya, shuɗiya, ta nannaɗe sandar wuƙaƙen tam. Ina zagin wanda ya yar da igiya a filin mutane, sai na ɗaga kai.

Inna ce a tsakiyar inda na yanke, tana tashi daga faɗuwa. Ta fito ne ta tsayar da ni, igiyar na hannunta lokacin da wuƙa ta fizge ta. Ta miƙe, ta miƙa hannaye biyu tana lalube a iska, tana neman ciyawar da ba ta nan. Ta juya sau biyu. Tana kirana, "Malama, Malama," tana fuskantar katanga, ni kuwa ina bayanta, taku goma, rana tsaka, sanye da rigar aiki mai ruwan lemo da ake hangowa daga bakin titi. Sai ta fara tafiya. Tsohuwar rijiya ta nufa, wadda bakinta bai kai gwiwa ba.

Ban san yadda na isa wurinta ba. Na riƙe ta, tafin hannunta ya saluɓe, jini na bin yatsu. Na ce, "Inna, yatsu nawa na ɗaga?" Ta ce, "Ba a ajinki nake ba." Na sake tambaya. Ta ce, "Kin gama? To mayar da ni ɗakina."

Da na ɗaure mata hannun na koma na bi sauran igiyar. An ɗaure ta a ƙarfen ƙofar kicin, an bi da ita kan turaku daidai ƙugu har gindin lemon. Na san ƙullin nan. Ni na koya maka shi kana ɗan shekara bakwai.

Tun yaushe uwarmu ba ta gani? Tun yaushe ka sani? Kada ka kira ni. Ka rubuta, ina so in riƙe amsar a hannuna.

Yayarka


Laraba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma yi mana jaje. Yaya hannun Inna?

Wata takwas ke nan. Da na zo hutu na ga tana zuba shayi a gefen kofi. Na kai ta wurin likitan ido ba da saninki ba. Ya ce hawan jinin ido ne, na dama ya tafi, na hagu saura kaɗan, ya ba da maganin ɗigawa safe da yamma don a tsare abin da ya rage. A mota ta kama hannuna ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya miki ba. Ni na ɗaura igiyar, don ta riƙa zuwa ba lemon Baba ruwa kamar yadda ta saba kullum. Ita ta ce a bar ciyawar ta tashi ta rufe igiyar, kada maƙwabta su gani.

Na tambaye ta me ya sa ban da ke. Ki yi haƙuri, zan faɗa yadda ta faɗa. Ta ce, "Yayarka ba ta iya ganin abu ya karkace ta bar shi. Ranar da ƙafar babanku ta mutu, kafin la'asar ta kwashe shi zuwa gidanta. Ɗaki mai tsabta, magani a kan lokaci, bai rasa komai ba. Wata biyar yana tambaya ko lemonsa ya yi fure, har ya rasu bai gani ba. Ni ba za a gyara ni ba."

Na rasa yadda zan yi tsakanin maciji da alkawari, shi ya sa na rubuta miki rabin magana. Na san na yi kuskure. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki ɗauke ta daga gidan.

Ki yafe min. Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Auta


Lahadi

Auta,

Wa alaikumus salam. Hannun yana warkewa.

Na mayar da Inna wurin likitan. Na hagun ma ya kusa tafiya, haske da duhu kawai take bambantawa. Ya tambayi wa ke ɗiga mata maganin. Ba kowa, Auta. Ka bar wa makauniya kwalba kamar ɗan yatsa ka ce ta nemo idonta da kanta. Na samo kwalaben a ƙarƙashin filo, rabi a kumatu ya ƙare. Alkawarinka ya ci abin da ya rage na idon uwarmu, wannan ba zan sassauta maka shi ba, ko yau ko baɗi.

Nawa kuma ga shi, kada ka ce na ɓoye. Wata takwas, duk Lahadi, ina gidan nan. Na yi mata faɗan zama a ɗaki ba fitila. Na yi mata faɗan ɗaura zani a bai-bai. Na kawo mata sabon mayafi ta shafa shi ta ce kalar ta yi kyau, na ji daɗi. Na karanta littattafai sun fi ɗaki guda, ina iya gaya maka abin da ke zuciyar mutumin da marubuci ya ƙaga tun daga shafi na uku, amma fuskar uwata ban karanta ba. Ƙura nake dubawa a kan tebur.

Maganar Baba kuwa, kwana uku ina ɗauke da ita kamar garwashi a ƙirji. Ni na wanke shi, ni na juya shi, kana wani sansanin. Amma gaskiya ne ya tambayi lemon, ni kuma na ce masa ya sha maganinsa.

Ranar Alhamis na share ɗakin baƙi a gidana, na sa sabon labule. Na je na gaya wa Inna za ta koma can. Tun ranar da na yanke filin, ban da zuwa wurin likita, ba ta taka waje ba, tana zaune a bakin gado, abincin ma sai an yi da gaske. Ta ce, "Ɗakin da ya mutu a ciki?" Na ce ai an yi fenti. Ta ce, "Madalla. Wace kala?"

Na fita na sayo igiya sabuwa na ɗaura mata har gindin lemon. Ta fito bakin ƙofa ta taɓa, ta sunkuya ta shafa ƙasa, ciyawar ko idon sawu ba ta kai ba. Ta ce, "Kwance ta. Matar makanike na shanya a kan katanga. Shekara arba'in ina zura mata zare a allura, ba za ta tsaya tana kallona ina bin igiya kamar akuya ba." Na ce, "Inna, girman kai ne wannan." Ta ce, "A ina kika samo naki?"

Na kwance igiyar.

Na sa an rufe rijiyar da murfin ƙarfe, da kwaɗo. Ina zuwa safe da yamma in ɗiga maganin, ni ke ba lemon ruwa. Ba ta tambayata yadda suke, wannan ya fi damuna a kan faɗa. Tana ramewa ina gani. Ɗakin baƙin yana nan a share, kuma ban ce maka na fasa ba. Ciyawa sai ta yi mako shida kafin ta kai ƙugu, in ruwa bai ɗauke ba. Ban sani ba ko Inna za ta yi mako shida a bakin gadon nan.

Ka nemi hutu. Allah ya tsare hanya.

Yayarka


Asabar, bayan mako bakwai

Auta,

Sallama. Na ji an hana ka hutun sai ƙarshen wata.

Duk bayan mako biyu ina yanke filin ƙasa-ƙasa saboda maciji, sai layi biyu da na bari daga ƙofar kicin zuwa lemon, da 'yar hanya a tsakaninsu da nake yanke ta da hannu. Abin ba kyan gani. Matar makanike ta leƙo ta ce, "Malama, yau kuma aikin rabi aka yi?" Na ce wuƙata ce ta dakushe. Yanzu duk layin an san ban iya aikina ba.

Jiya ciyawar ta rufe turakun, na mayar da igiyar. Yau da hantsi na zauna a kan tarakta, inji a kashe. Inna ta fito da ruwa rabin bokiti. Ƙafafunta sun yi rauni, sau uku tana tsayawa. Ban sauka ba. Da ta zo daidai inda nake, ba ta juyo ba, ta ce, "Ina jin warin man dizal ɗinki. Ba ki da aiki ne yau?"

Na ce ina da shi.

"To tafi."

Na tayar da inji na fita. Na tsaya a bakin titi inda ba za ta ji ni ba, daga nan kuma ba a hango bayan gidan. A kan sitiyari nake rubuta maka wannan. Minti ashirin ke nan, ban koma ba tukuna.

Ka zo lafiya.

Yayarka